Daga Tekun Gini Zuwa Dajin Kamuku: Wa Ke Lissafin Asarar Hanya?

Kwantenar da aka sauke a tashar Apapa, aka ɗora wa tirela za a kai ta Kano, ta riga ta tsallake 'yan fashi kashi ɗaya a kan ruwa. Shekaru da dama kashi na biyu na jiran ta a kan tudu. Hanyar da ta fi miƙewa daga Legas ita ce ta Ibadan, Ilori, Jabba, Mokwa da Tegina, sannan Birnin Gwari. Daga nan ko dai direba ya yi gabas zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 120, ko ya yi arewa zuwa Funtuwa. Tsohuwar hanya ce ƙwarai. Tun kafin kwalta fatake ke bin ta tsakanin ƙasar Nufe da Zazzau, kuma ta nan Baturen nan Clapperton ya ratsa a 1826 zai tafi Kano.

A 'yan shekarun nan fashin ruwan ya ja da baya sosai, har ana buga misali da Najeriya. Na dajin kuwa ya shafe fiye da shekara goma yana cin karensa babu babbaka, kuma abin da ya sassauta shi a ƙarshe sulhu ne. Sana'ar ɗaya ce: a tare hanya, a kwashi mutane, a shige da su inda hukuma ba ta iya zuwa, a jira kuɗin fansa. To me ya sa maganin ya ci a teku da sauri haka?

Ɗan fashin teku na wannan zamani ba ya da wani babban jirgin yaƙi. Kwale-kwale ne na roba mai tauri, da inji biyu a baya, da jarkokin fetur, da mutum shida zuwa goma riƙe da AK-47, wani lokaci da roka. Babban makaminsu ma tsani ne dogo mai ƙugiya a kai. Jirgin dakon kaya da ya ɗauko lodi yakan nutse ƙasa-ƙasa, bakinsa ya kusanto ruwa, ga shi ba ya da sauri. Sai su biyo shi ta baya da asuba ko cikin dare, inda na'urar hangen jirgin ba ta gani da kyau, su maƙala tsani, mutum biyu su hau. Jirgin da tsawonsa ya fi filin ƙwallo biyu, ma'aikatansa ba su cika wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma babu mai ko wuƙar kirki a cikinsu. Da zarar an kai ɗakin tuƙi, magana ta ƙare.

Somaliya ce ta fara tayar wa duniya hankali. A Nuwamban 2008 aka kama Sirius Star, jirgin Saudiyya ɗauke da gangar ɗanyen mai miliyan 2, aka tsare shi wata biyu, sai da aka jefo kuɗin fansa kimanin dala miliyan 3 da lema daga jirgin sama. A 2011 hukumar IMB, wadda ke tattara rahotannin fashin teku daga cibiyarta ta Kuala Lumpur, ta ƙirga hare-hare 237 na 'yan Somaliya. Bankin Duniya ya yi ƙiyasin cewa abin na jawo wa kasuwancin duniya asarar kusan dala biliyan 18 a shekara. Kuɗin fansar kansa ɗan kaɗan ne a cikin wannan adadi. Sauran ya tafi ne a tsadar inshora, da man da ake ƙonawa wajen gudu ko zagaye, da hayar masu gadi.

Jiragen yaƙi sun zo: Tarayyar Turai ta fara aikin Atalanta a Disamban 2008, NATO da Amurka da Indiya da Sin su ma suka tura nasu. Amma teku ta fi ƙarfin sintiri. Abin da ya fi tasiri ƙananan abubuwa ne marasa armashi. An shata layi guda a mashigin Aden, aka ce kowane jirgi ya bi ta nan, ya sanar da shigarsa da fitarsa, masu tafiyar hawainiya su haɗu su wuce tare. An rubuta ɗan littafin ƙa'idoji aka raba wa kowane kyaftin: a kewaye jirgi da waya mai reza, a saki mesar ruwa mai ƙarfi ta gefe-gefe, a ƙara masu tsaron ido, a taka wuta, domin an lura ba a cika iya hawa jirgin da ke gudun kilomita 33 a sa'a ba. An kuma ware ɗakin mafaka mai ƙofar ƙarfe a can cikin jirgi, da ruwa da abinci da wayar tauraron ɗan'adam, inda ma'aikata za su kulle kansu su kashe inji har sojoji su iso. Daga baya aka yarda a ɗauki masu gadi da bindiga. Sannan Kenya da tsibirin Seychelles suka karɓi waɗanda aka kama suka yi musu shari'a. Bayan watan Mayun 2012 aka yi kusan shekara biyar ba a sace babban jirgin kasuwanci ko ɗaya ba.

Na mashigin tekun Gini, wato namu, salonsa daban ne, kuma shi ne ya fi kama da na daji. 'Yan Somaliya jirgin dungurungum suke tsarewa a gaɓarsu, tunda babu gwamnatin da za ta hana. A nan babu inda za a ɓoye jirgi, saboda haka mutane ake ɗiba, a shige da su surƙuƙin fadamun Neja Dalta. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka yi garkuwa da su a duk duniya, 130 a wannan yanki aka ɗauke su. Ranar 23 ga Janairun 2021 aka hau Mozart, jirgin kwantena da ya taso daga Legas zai tafi Afirka ta Kudu. Ma'aikatan, akasarinsu Turkawa, sun yi duk abin da littafi ya ce: sun shige ɗakin mafaka sun kulle. 'Yan fashin suka zauna sa'o'i suna aikin fasa ƙofar, babu wanda ya zo. Suka kashe injiniya ɗaya ɗan Azarbaijan, suka tafi da mutum 15, suka bar uku su lallaɓa da jirgin zuwa Gabon. Ƙofar ƙarfe lokaci kawai take saya, kuma ran nan babu jirgin yaƙi a kusa da zai ci moriyar lokacin.

Najeriya ta motsa. A 2019 aka sa hannu kan dokar yaƙi da fashin teku, irinta ta farko a Afirka ta Yamma. A Yulin 2021 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa mutum 10 ɗaurin shekara 12 kowanne, kan sace jirgin kamun kifi na 'yan Sin. A Yunin shekarar Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Deep Blue na NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa, mai dala miliyan 195, da jiragen ruwa masu gudu, da jirage masu saukar ungulu, da marasa matuƙi, da cibiyar da ke kallon teku dare da rana. Ƙasashen yankin ma sun riga sun ƙulla yarjejeniyar Yawunde tun 2013 don musayar bayanai. Waɗanda aka sace suka ragu zuwa 57 a 2021, a shekarar da ta biyo kuwa aka koma ƙirga su da yatsun hannu ɗaya.

Yanzu a dawo daji. Gandun Kamuku ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma ba shi kaɗai yake ba: ya haɗe da Kuyambana a Zamfara, ya miƙe zuwa dazukan Neja da Katsina. Abin ya faro da satar shanu, ya koma tare hanya, ya zama garkuwa da mutane da ɗora wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi. A Mayun 2018 aka yi kisan gilla a Gwaska, kuma cikin 'yan kwanaki a watan aka kwashi matafiya masu ɗimbin yawa a kan hanyar Kaduna. Gwamnati ta amince a kafa bataliyar soja a yankin. 'Yan Ansaru su ma suka samu gindin zama a gabashin masarautar Birnin Gwari. A ƙarshen Satumban 2021 aka katse layukan waya, aka hana hawa babur, bayan an riga an rufe kasuwannin mako. Duk da haka a Maris na 2024 aka kwashe 'yan makarantar Kuriga, garin da ke kan wannan hanya a ƙaramar hukumar Chikun.

Direbobi ba su jira wani littafi ba, da kansu suka gano rabin dabarun teku. Wanda ya bi hanyar a shekarun nan ya san yadda ake yi. A taru a bakin hanya tun da safe, tireloli da tankoki da ƙananan motocin haya, a jira rakiyar sojoji. Karen mota ya zagaya yana bubbuga taya da ƙarfe, don motar da ta yi faci a tsakiyar daji babu mai tsaya mata. Fasinjoji su goge saƙon banki daga wayoyinsu, mai riga mai aiki ya cire ya cusa a jaka. Direba ya tsai da wanda ya fito daga can ya ce, "Yaya hanya?" In ya ce "Lafiya lau," a ce Bismillahi. In ya kaɗa hannu ya kunna fitila, kowa ya juya. Ayarin fatake ke nan na da, da madugu da jagaba, sai dai wannan ba ya da ikon zaɓen ranar tashi. Ramukan kwalta kuma su ne tsanin ɗan bindiga: inda hanya ta ɓaci tirela ke komawa giya ta ɗaya, nan ake jira. Har ayari mai rakiya an sha afka masa an ƙone motoci. Da yawa suka haƙura suka koma zagaye ta Bida da Suleja, suka ƙara kwana da gas, 'yan kasuwa suka ɗora kuɗin kan buhun masara da kan sa.

Babban bambancin a ganina yana wurin lissafi. Duk jirgin da aka taɓa, ko tsani aka maƙala masa aka kasa hawa, kyaftin zai aika rahoto, a rubuta rana da sa'a da daidai wurin, a watsa wa sauran jirage nan take, a buga jimilla duk wata uku. Kamfanonin inshora na Landan su duba su ƙara farashi. Farashin ya faɗa kan masu jirage da kamfanonin mai da gwamnatoci, mutanen da in sun yi tari ana ji a Abuja. Asara ta zama lamba, lamba ta zama matsi. Najeriya ta kashe dala miliyan 195 ne domin ana cajin kayan da ke zuwa tashoshinta kuɗin haɗarin yaƙi, kuma har bayan an samu sauƙi NIMASA na ta kokawar a cire shi.

Direban da aka ɗauka tsakanin Udawa da Birnin Gwari fa? Ba ya da inshora. 'Yan uwa ne ke sai da gona, a yi karo-karo a masallaci da tasha, a haɗa da katin waya da babur in an nema, a kai cikin dare, a dawo a yi shiru don tsoron infoma. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, ta yi ƙoƙari wajen fitar da sanarwa bayan hare-hare, 'yan jarida na ɗauka. Amma babu wata cibiya ta hukuma da ke da cikakken kundin wannan hanya, wanda mutum zai buɗe ya ga wane gulbi, wace kwana, wane lokaci. Asarar ta watsu kan talakawa dubbai, kowa da tasa shi kaɗai.

Sai batun kotu. A Nuwamban 2021 wani jirgin yaƙin Denmark ya yi arangama da 'yan fashi a kudu da ruwan Najeriya, ya kashe huɗu, ya kama huɗu. Babu ƙasar yankin da ta karɓe su, ƙarshenta aka saka uku a kwale-kwale da abinci da mai aka sallame su. Mutumin Birnin Gwari ba zai yi mamakin wannan labari ba. An ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda tun Janairun 2022, amma a nemo manyan shari'o'in da aka kammala a fili, musamman na masu kai makamai da mai da masu juya kuɗin fansa, a ga ko za su cika shafi.

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba, ya sake buɗe karar shanun da ta yi shekaru a rufe. Motoci sun dawo hanya, manoma sun koma gonakin da suka yi saura. Wanda ke zaune a Kaduna ko Kano ba ya da bakin rena wannan, domin jirgi wucewa yake yi, amma mutumin ƙauye a nan zai kwana, ba waya mai reza da za ta kewaye masa gona. Sai dai an yi sulhu a Katsina zamanin Gwamna Masari, an yi a Zamfara a 2019, duk suka warware. Tekun ma ta nuna irin wannan: an cire tekun Indiya daga jerin wurare masu haɗari a farkon 2023, aka sassauta tsaro, kafin shekarar ta ƙare 'yan Somaliya suka kama jirgin Ruen, a Maris na 2024 suka ƙara da Abdullah na Bangaladash. Dajin kuma bai san iyakar jiha ba. Gwamnonin yankin sun haɗa kuɗi da ƙarfi kan Kamuku a 2015, haɗin bai ɗore ba, kuma wanda ya ajiye bindiga a ɓangaren Kaduna tafiyar babur ta 'yan sa'o'i ce ta raba shi da Neja ko Zamfara.

Cikin duk dabarun teku, wadda ta fi araha ita ce ba a ɗauko ba, wato cibiyar tattara rahoto. IMB da ta buɗe cibiyarta a 1992 ba gwamnati ba ce, 'yan kasuwar jiragen ne ke ɗaukar nauyinta. Ƙungiyoyin direbobi da masu motoci, NURTW da NARTO, na da rassa a tashoshin wannan hanya daga Mokwa har Funtuwa, suna karɓar kuɗin tikiti kullum, kuma babu motar da za a tare ba su ji ba kafin azahar. Lamba ɗaya da kowane direba zai kira, mutum biyu da kwamfuta, rahoto duk wata uku a miƙa wa gwamnonin Kaduna, Neja, Zamfara da Katsina da manema labarai a rana guda. Yanzu da hanya ta lafa ne za a iya fara shi, tunda direbobi na wucewa kullum kuma suna da bakin magana.