Rubutun Boko Koyonsa Ake Yi, Ba Gadonsa Ba

Rubutun boko, wato rubuta Hausa da haruffan Latin da Turawa suka zo da su, ya daɗe da samun ƙa'idoji, tun daga waɗanda Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa taron Yamai na 1980 da ya nemi daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Duk da haka, wani zance ya yi katutu a bakin iyaye da wasu malamai, wai yaron da ya sha Hausa a nono ba ya bukatar a koya masa rubuta ta.

Wannan zance ba shi da tushe balle makama, domin magana a gida ake tashi da ita, rubutu kuwa sai an zauna an koya. Duk wanda ya buɗe littafin ɗalibin aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai tarar da "yazo" a manne maimakon "ya zo", zai kuma ga "kasa" inda ake nufin "ƙasa", saboda ba a taɓa nuna wa yaron cewa ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu ba, alhali tun shekarun 1930 aka shigar da su. Abin takaici, uban da zai yi faɗa don an kuskure harafi ɗaya a Turanci shi ne zai ga wannan ɓarna ya kau da kai.

Gyaran yana hannun malami. Ya kamata ya riƙa yin shifta kowane mako, wato ya karanta ɗalibai su rubuta, daga littafi irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, sannan ya bi kowane littafi da jan biro, ya fito da kurakuran kan allo a gyara tare. Ya nanata musu cewa wakilin suna rabe yake da aikatau, amma gajeriyar mallaka manne take, kamar a "gidansa", ya kuma hana a wuce darasi sai kowa ya iya zana lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ da hannunsa. Iyaye kuma, don Allah, su riƙa buɗe littafin Hausar 'ya'yansu yadda suke buɗe na lissafi.