INJIN DA KE CIN ZAFI YA BA DA WUTA

Manoman tattasai na bakin Komadugu, daga Difa har Bosso da Barwa, sun san ciwon mai. A shekarar 2015, saboda dokar ta-ɓaci, an taƙaita sayen mai, an hana cinikin tattasai har zuwa 2017. Mutanen Barwa sun yi gudun hijira, sai a watan Yuni na 2021 suka koma gida. A 2023 kuma Najeriya ta janye tallafi, mai ya ƙara tsada. Idan injin ban ruwa ya kwana biyu bai tashi ba, tattasai ya ƙone.

To, akwai wani inji da ba ruwansa da fetur. Wani limamin coci na ƙasar Sikotilan, Robert Stirling, ya ƙago shi a 1816. Daga waje ake gasa masa kai, da zafin rana ko ƙaiƙayin shinkafa ko kara. Iskar da aka rufe a cikinsa ta yi zafi ta kumbura, ta huce ta tsuke, haka take tura fistan. A shekarun 1980 an gwada mai cin ƙaiƙayi a Bangaladash.

A 1964 William Beale na Jami'ar Ohayo a Amurka ya ƙera wani iri wanda ba ƙarfen da ke riƙe da fistan ɗinsa. Yana kai da komo bisa iska kawai, ɗauke da maganaɗisu a cikin naɗin waya, wuta tana fitowa. Ba buji, ba baƙin mai. Hukumar NASA ta bar guda yana aiki fiye da shekara 12 ba gyara.

Amma doki ne marar linzami. Idan aka kashe famfon da ke jan wutar farat ɗaya, fistan ya wuce iyaka ya bugi ƙarfe. Idan kaya ya yi masa yawa, sai ya mutu. Shi ya sa masana ke zana lissafinsa a kwamfuta kafin a ƙera: nauyin fistan, ƙarfin iska, zafin kai da nauyin kaya, duk sai sun daidaita. Ana haɗa masa na'urar da ke shanye rarar wuta.

A Difa akwai wani abin lura. Ƙarfinsa daga bambancin zafin kai da sanyin gindi yake zuwa, don haka a bazara sai an sanyaya shi da ruwa, lokacin da Komadugu kanta ta janye. Kuɗinsa ma ya fi ƙarfin manomi ɗaya, sai dai ƙungiya.