Gidan Makama Da Amanar Tsofaffin Gidaje

Ya ku malamai da attajirai, maganarmu ta yau a kan wani tsohon gida ce a cikin birnin Kano, da abin da ya hana shi rushewa, domin a cikin labarinsa akwai izina ga duk wanda ya gaji soro daga kakanni.

Wanda ya tashi daga Ƙofar Kudu, bakin fadar Sarki, ba zai yi nisa ba sai ya iske Gidan Makama. Masana tarihin Kano sun ce an gina shi saboda Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Rumfan nan shi ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa kuma Shehu Maghili ya sauka Kano ya rubuta masa littafi a kan riƙon mulki. Ashe ke nan da malami da ɗan kasuwa kowa yana da rabo a cikin labarin mai gidan. Da Turawa suka ci Kano a 1903 suka yi ofis a ciki, daga baya aka yanki wani sashe aka yi makaranta.

A 1953 Gwamnati ta kafa dokar tsare kayan tarihi, a 1959 kuwa aka sa Gidan Makama cikin gine-ginen da dokar ta tsare. Watau ba mai ikon rushe shi ko sake fasalinsa sai da iznin hukuma. Malamai za su ga abin ya yi kama da hubusi, dukiyar da a ke tsayar da asalinta a bar amfaninta ga jama'a. Yau gidan tarihi ne, mai shiga yana ganin ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna.

Wani zai ce, ina amfanin tsare ginin ƙasa alhali duniya ba matabbata ba ce? To, ba don neman tubarraki da bango a ke yi ba. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen waɗanda suka gabata. Almajirin da ya tsaya a soron da a ke jingina wa Rumfa, ya tuna mai soron ya fi shekara 500 a kabari, ya sami wa'azin da ba zai manta ba. Gani ya kori ji.

Amma fa a sani, takardar Gwamnati ba ta tare ruwan sama. Gidan ƙasa da tubali a ke ɗora shi, a rufa da azarar giginya, a tayar da bakan gizo ya ɗauki nauyin rufin. Abin da ke raya shi kuwa shi ne yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da shafen makuba ko laso. Lason nan da katsin marina a ke haɗa shi, da gashin da majema suka kankare, da dafara. Da karofi suka ragu katsi ya yi wuya, maginan da suka san ɗaurin guga su ma suna ta ƙarewa. Ƙasar da ke jikin Gidan Makama yau ba duka ce ta zamanin Rumfa ba, hannu bayan hannu ne ya yi ta sabunta ta. Ga ganuwar Kano nan ta ishe mu misali: ita ma tana cikin abin da doka ta tsare, amma inda aka daina kula da ita ruwa ya cinye, masu haƙar ƙasa da masu gini suka ƙarasa.

Gidajen da suka fi shiga hatsari su ne na malamai da fatake a cikin unguwanni, waɗanda ba a rubuta su a ko'ina ba. Mai gida ya rasu, magada su yi yawa, gida ba ya rabuwa, sai a sayar a raba kuɗi. Mai saye ya sa a baje zauren da aka yi shekara da shekaru ana karatu a ciki, ya tayar da kantuna na siminti. Ba wanda ya saɓa wa shari'a a nan, amma hasarar ba ta da mayarwa.

Saboda haka ga shawara. Malamin da aka kira rabon gado, in ya ga gida mai tarihi, ya tunatar da magada cewa ɗayansu yana iya fansar rabon sauran, ko su yarda su bar zauren ya zama hubusi na karatu, muddin ba a tauye hakkin maraya ba. Attajirin da Allah Ya buɗa wa, ya ɗauki kuɗin yaɓen shekara, ya kuma sa yaro ya koyi aiki wurin tsofaffin magina. Masu unguwa su kai sunayen irin gidajen nan gaban hukuma, gama ba Gwamnatin Tarayya kaɗai ke tsare gini ba. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya buɗe makaranta a 1909, yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Kano.

Duk wanda ke da tsohon soro ya hau ya duba indararonsa tun hadari bai haɗu ba. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙon amana.