Matasa da Aikin Ikilisiya: Ina Ake Rasa Su Tsakanin Makaranta da Aure?

Kowace shekara makarantun mishan irin tamu sukan sallami 'yan ajin ƙarshe. A cikinsu akwai masu hidimar bagade, da mawaƙa, da masu karatu a lokacin Mas, da shugabannin ƙungiyar ɗalibai ta YCS. Muddin suna makaranta, ƙararrawa ce ke tashe su zuwa addu'ar safe, kuma kowa ya san aikinsa a ɗakin sujada. To, amma in muka bi sawunsu bayan shekara uku ko huɗu, sai mu tarar da yawa daga cikinsu sun koma bencin baya, wasu suna tsaye a waje ƙarƙashin itace har a yi albarkar ƙarshe, wasu kuwa ba a ganinsu sai ran Kirsimeti da Ista. Dattawa sukan ce yaran zamani ne, ba su da tsoron Allah. Mu dai muna ganin amsar ba ta tsaya a nan ba, domin yaron da ya yi shekara shida yana riƙe da mabuɗin ɗakin sujada bai zama kafiri a dare ɗaya ba.

Bari mu duba yadda ikilisiyoyinmu suke a tsare. Yaro ƙarami yana da wurinsa: akwai ajin katekizim, akwai shirin karɓar Yukarist na farko, sa'an nan Sakramentin Ƙarfafawa. Matar aure tana da wurinta a Zumuntar Mata, da anko da ranar taro da asusun taimakon juna. Magidanci ma yana da ƙungiyar maza. Amma wanda ya gama sakandare bai yi aure ba, wato mai shekara 18 zuwa 30 da 'yan kai, ya girmi ajin katekizim, bai kuwa isa zama da masu aure ba. A dā wannan tazara gajeriya ce, domin mutane sukan yi aure da wuri. Yanzu kuwa karatu mai zurfi, da bautar ƙasa, da neman aiki, da tsadar aure sun ja ta har ta kai shekara goma ko fiye. A cikin waɗannan shekaru ne mutum yake zaɓen sana'arsa da abokansa da wanda zai aura, kuma a cikinsu ne ikilisiya ta fi barinsa shi kaɗai.

Wani zai ce ai akwai ƙungiyar matasa ta CYON. Gaskiya ne, kuma tana ƙoƙari. Sai dai mu tambayi kanmu irin aikin da ake ba ta. In bikin godiyar kaka ya zo, matasa ne za su kafa rumfuna, su ɗauko kujeru, su share fili, su tsare motocin baƙi. In an zo zaman shawara kan yadda za a kashe kuɗin da aka tara, sai a ce yara su ba manya wuri. Ɗaukar kujera ba abin kunya ba ne, hidima ce. Amma wanda ba a neme shi sai don ƙarfin damtsensa, ran da ya gaji zai tafi inda ake neman hankalinsa, kuma akwai majami'u da yawa a cikin gari da za su ba shi makirufo da muƙami a makonsa na farko.

Abin mamaki shi ne, dokar Ikilisiya kanta ba ta ɗauke su yara ba. Kundin dokokin da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1983 ya ɗauki mai shekara 18 a matsayin baligi. Mai shekara 16 wanda ya karɓi Ƙarfafawa da Yukarist, yana kuma zaman bangaskiya, yana iya tsayawa uban baftisma ko uwar baftisma ga wani. Mai shekara 25 ana iya naɗa shi firist. Ke nan saurayin da muke durƙusa wa muna cewa "Fada, a sa mana albarka" yana da tsararraki a cikin jama'a, wasu malaman makaranta, wasu ma'aikatan jinya, wasu sun karanta lissafin kuɗi, amma ba a yarda a ba su ko littafin rajistar baiko su riƙe ba.

Tarihin Ikilisiya a Afirka ma shaida ne. Sharl Luwanga, wanda aka ƙone da wuta a Namugongo ta ƙasar Uganda ran 3 ga Yuni 1886, saurayi ne da bai kai shekara 30 ba. Shi ne shugaban samarin fadar Sarki Muwanga, shi ya koya musu addini, ya tsare su, har ya yi wa waɗansunsu baftisma a ɓoye da ya ga mutuwa ta matso, ciki har da ƙaramin yaron nan Kizito. Paparoma Bulus na Shida ya sa shi da 'yan'uwansa 21 cikin jerin tsarkaka a 1964. Wasu ikilisiyoyinmu suna da ƙungiya ko kwaya mai sunansa, amma mukan manta cewa nauyin jama'a ne aka ɗora masa tun yana saurayi.

Akwai misalai biyu daga Turai da suka fi nuna mana yadda ake yin abin. Na farko shi ne na ƙungiyar Tsarkakakke Vinsent na Fol, wadda muka saba ganin akwatinta na taimakon matalauta a bakin ƙofar coci, galibi a hannun dattawa. Ɗaliban jami'a ne suka kafa ta a birnin Faris a watan Afrilu 1833, kuma jagoransu, Firederik Ozanam, shekararsa 20 a lokacin. Abin da ya tunzura su shi ne gorin da aka yi musu a wajen muhawara, cewa suna ta yabon abin da Ikilisiya ta yi a dā, to yanzu su me suke yi wa talakawa? Sai suka fara kai itacen wuta da abinci gidajen mabukata. A lura da matsayin manya a cikin wannan labari, domin nan darasin yake. Wani magidanci, Emanuwel Bayi, ya ba su ɗakin taro ya zauna tare da su. Sista Rozali Randu, wadda ta daɗe tana aiki a unguwar matalauta, ta nuna musu gidajen da za su shiga da yadda ake shiga gidan talaka ba tare da an ci masa mutunci ba. Manyan sun ba da ɗaki da shawara da suna, aikin kuwa suka bar shi a hannun samarin.

Na biyu shi ne na Fada Yusufu Kardain, ɗan ƙasar Beljiyam, wanda daga tunaninsa ne ƙungiyarmu ta YCS ta samo hanyar aikinta. Yana ɗalibin firistanci ya lura cewa abokan karatunsa na yarinta da suka shiga aikin masana'antu sun juya wa Ikilisiya baya cikin ɗan lokaci. Da aka tura shi ikilisiyar Laken a gefen birnin Burasel a 1912, sai ya riƙa tsayawa a hanyar da matasa ma'aikata suke bi, yana tambayarsu sunansu, da inda suke aiki, da nawa ake biyansu, da awa nawa suke yi. Daga nan ya tara su ƙungiya-ƙungiya, 'yan kaɗan a kowace ƙungiya, su ne ke shugabantar kansu. A 1925 Paparoma Piyus na Goma Sha Ɗaya ya sa wa tafiyar albarka, a 1961 kuma Paparoma Yohanna na Ashirin da Uku ya yaba da hanyar a wasiƙarsa kan zaman jama'a. An naɗa Kardain kadinal a 1965, ya rasu a 1967.

Hanyar tana da mataki uku: duba, auna, aikata. Mu ɗauki misali daga unguwanninmu. A ce matasa takwas sun zauna da yamma. A matakin duba, ba a yarda da "an ce" ba. Kowa zai je ya ƙirgo samari nawa ne a layinsu suke koyon kanikanci ko ɗinki ko walda, nawa ne maigidansu ba ya barinsu su zo Mas ran Lahadi, nawa ne suka gama koyo suka rasa kuɗin sayen kayan aiki. A matakin auna, sai a buɗe Bishara a tambaya me Yesu zai ce game da wannan hali, me kuma Ikilisiya take koyarwa game da haƙƙin ma'aikaci. A matakin aikata, sai a zaɓi abu ɗaya ƙarami wanda za a iya gamawa kafin zama na gaba: mutum biyu su je su gai da maigidan nan su roƙe shi, ko a fara adashe don sayen keken ɗinki, ko a roƙi Fada ya sa Mas ɗin yamma. In an dawo, kowa ya ba da rahoto. Daɗin wannan hanya shi ne ba ta bukatar janareto ko babban baƙo ko kuɗin zirga-zirga, kuma wanda aka ba aiki da sunansa yakan ji kunyar rashin zuwa. Mun sha yin wannan a makaranta, sai dai mukan ajiye shi tare da rigar makaranta ran da muka fita.

Manyan taruka ma suna da amfaninsu. Ranar Matasa ta Duniya, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fara a Roma a 1986, ta zaga Manila a 1995, Faris a 1997, har Lisbon a 2023. A watan Oktoba 2018 bishof-bishof na duniya sun yi zama na musamman a Roma kan matasa, Paparoma Faransis kuma ya rubuta musu doguwar wasiƙa a 2019. Mu ma muna da tarukan dayosis da gasar waƙa. Amma taro yakan ƙare ran Lahadi, ran Litinin kowa ya koma gidansa. In babu ƙaramar ƙungiya da ke jiran mutum a ikilisiyarsa, zafin da ya ɗebo yakan huce kafin wata ya cika.

Don haka muke roƙon iyayenmu firistoci da dattawa su buɗe ƙofar majalisa. Doka ta wajabta wa kowace ikilisiya kwamitin kuɗi, ta kuma ba da damar kafa majalisar shawara kan aikin kiwo in bishof ya ga ya dace. Babu inda aka ce sai mai furfura zai zauna a ciki. A ba saurayi ɗaya da budurwa ɗaya kujera, waɗanda matasa da kansu suka zaɓa, a kuma rubuta maganarsu a littafin taro kamar ta kowa. A duba lokacin zama kuma, domin taron ƙarfe goma na safiyar Laraba na 'yan fansho ne. Tun 2021 Paparoma Faransis ya buɗe hidimar karatu da ta bagade a hukumance ga mata da maza, ya kuma mai da aikin katekis hidima ta musamman da bishof ke ɗora mutum a kai. Ƙananan majami'unmu na ƙauye, inda Fada ba ya samun zuwa sai sau ɗaya a wata, suna kukan rashin masu koyarwa, alhali ga masu takardar sakandare suna zaune a gida suna jiran sakamakon jarrabawa.

Matasa ma suna da nasu laifin, kada mu ɓoye. Rigimar zaɓe, da ɓatan kuɗin ƙungiya, da rarrabuwa bisa yare, da zuwa taro don neman saurayi ko budurwa kaɗai, duk sun sha ba dattawa hujjar rufe ƙofa. Wanda yake so a ba shi amanar dubu, sai ya fara kawo rasidin naira ɗari. Haka kuma wanda ya bar garinsu zuwa Kaduna ko Jos ko Abuja, don karatu ko aiki, ya karɓi takarda daga Fadansa, ya kai wa Fadan sabon wurin a makonsa na farko, ya faɗi abin da ya iya. A manyan makarantu akwai ƙungiyar NFCS. Baƙon da bai gabatar da kansa ba yana iya yin shekara a babban coci na birni ba wanda ya san sunansa.

Akwai kuma wata ƙofa da ake fita ta cikinta a ɓoye, wato batun aure. Saurayi da budurwa sukan yi na gargajiya, ko su fara zama tare, suna cewa sai sun tara kuɗi za su yi na coci. Daga nan sun daina karɓar Yukarist, kunya ta mai da su bencin baya, daga bencin baya sai gida. Da yawansu ba su san cewa farar riga da kek da zauren biki al'ada ce kawai ba. Abin da doka ta nema, bayan shiri da bincike, shi ne yardar mutum biyun a gaban firist ko dikon mai izini, tare da shaidu biyu. Doka ɗin nan kuma ta gargaɗi masu hidima kada talauci ya hana kowa samun sakramenti. Ikilisiyoyin da ke ɗaura auren ma'aurata da yawa a Mas guda, a yi walima ɗaya a harabar coci, sun sauƙaƙa wa mutane ƙwarai. Masu auren da ba su daɗe da yi ba su ne suka fi dacewa a tura su gidajen irin waɗannan 'yan'uwa, domin sun san farashin akwati da kuɗin haya na bana, kuma za a fi sakin jiki a gaya musu gaskiyar abin da ya hana.