Fitilun DJ: Wace Manhaja Ce Ta Dace Da Mai Yawon Biki?

A dina ko walimar yaye ɗalibai, yawancinmu kunne muke ba DJ. Ba mu cika lura da cewa fitilun da ke canza launi, da waccan mai juya kai ta haska amarya daidai lokacin shigowarta, wani ne ya tsara su. Da yawa daga cikinku kuna taya yayye ɗaukar sifika a ƙarshen mako, wasu ma sun fara tara kuɗi don shiga sana'ar. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna yadda ake zaɓar manhajar sarrafa hasken, domin a nan ake yawan zubar da kuɗi a banza.

Kusan duk fitilar biki tana da ɗan makirfo a cikinta, tana iya bin sauti da kanta. Sai dai ba ta bambance kiɗa da muryar mai gabatarwa. Waliyyin amarya na jawabi, ita tana ta walƙiya. Maganin wannan shi ne a haɗa fitilun da kwamfuta ta hanyar wani tsari da ake kira DMX512, wanda wata ƙungiyar masana fasahar dandali ta Amurka, USITT, ta fito da shi a 1986.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Waya ɗaya tana ɗaukar tashoshi 512, kowace tasha kuma tana karɓar lamba daga 0 zuwa 255. Ɗauki fitila mai tashoshi bakwai: ɗaya ta ƙarfin haske, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi, haka dai. Idan ka ba ta adireshi na 1, ta biyu za ta fara daga 8, ta uku daga 15. Fitila mai juya kai tana iya cin tashoshi 16, ke nan guda 32 ne za su cika layin. Mai yawon biki da fitilu goma ko sha biyu ba zai kai nan ba, don haka kada wani ya ruɗe ka da manhajar da ke iya layuka barkatai. Wannan ta manyan dandali ce.

Tambaya ta farko da muke ba da shawarar a yi ita ce: manhajar ta san fitiluna? Kowace manhaja tana da rumbun bayanan fitilu, inda aka rubuta aikin kowace tasha. Fitilun manyan kamfanoni suna ciki. Amma waɗanda aka fi samu a Sabon Gari ko Alaba, yawanci ba su da wani sunan kirki, sai 'yar takarda guda a cikin kwali. Ka adana takardar nan kamar takardar jarrabawa, ka ɗauki hotonta ma. Manhajar QLC+, wadda kyauta ce kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux, tana ba ka damar rubuta bayanin fitilarka da hannunka daga wannan takarda. A wasu manhajojin kuwa sai ka aika wa kamfani roƙo, ka zauna jira, alhali biki ranar Asabar ne.

Sai batun ɗan akwatin da ke tsakanin USB na kwamfuta da wayar fitilu. Wasu manhajoji ba sa aiki sai da akwatinsu: myDMX na kamfanin ADJ haka yake. QLC+ tana karɓar iri-iri, har da masu araha. Amma araha ba ta ado. Akwati irin Open DMX na Enttec ya dogara kacokan ga kwamfuta, idan ta yi nauyi sai fitilu su kama rawar ɗari. Wanda ke da ƙwaƙwalwarsa ya fi tsada, kuma ya fi kwanciyar hankali, musamman idan kwamfuta ɗaya ce ke kiɗa da haske.

Manhajar da DJ-DJ suka fi sha'awa ita ce SoundSwitch, domin tana haɗuwa da Serato da VirtualDJ da Engine DJ, ta karanta bugun waƙa ta tsara hasken da kanta. Ga mutum ɗaya da hannunsa ke kan kiɗa, wannan babban sauƙi ne. Abu biyu dai za mu ja hankalinku a kai. Kuɗinta na wata-wata ne, da kuɗin waje, kuma a watan azumi da bukukuwa ke tsayawa ma za ka biya idan ba ka dakatar ba. Sannan tana son waƙa mai bugu daidai. Waƙoƙin situdiyo na yanzu ba su da matsala, amma saka mata tsohon faifan Shata, inda 'yan kalangu ke ƙara sauri yadda suka ga dama, sai hasken ya riƙa saɓa wa kiɗan. Iyaye mata kuwa sai sun nemi irin waɗannan.

Wuta fa? Idan NEPA ta ɗauke aka koma janareta, kwamfuta tana nan da batirinta, fitilu kuma sun mutu sun tashi. Gwada wannan a gida kafin ranar aiki: zare wutar, mayar, ka ga ko komai ya koma yadda yake ba tare da ka rufe manhajar ba. Ka kuma tabbatar tana buɗewa ba intanet, domin ba kowane zauren taro ke da sabis ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Haske mai ƙiftawa da sauri yana iya tayar da farfaɗiya ga wasu masu ciwon, kuma ƙa'idar da masana suka sa ita ce kada ya wuce sau uku a daƙiƙa. A taron ɗalibai ɗari biyu ba ka san wa ke da ita ba. Manhajar da ta dace ita ce wadda za ka iya kashe tashar ƙiftawa gaba ɗaya, ka kuma ware maɓalli guda da zai mayar da zauren fari fes nan take, ko don addu'a, ko don wani ya faɗi.

A ganinmu, ɗalibin sakandare ya fara da QLC+. Ba ta da kyan gani, kuma makon farko za ta ba ka ciwon kai, amma kana iya koyonta ko ba ka da fitila ko ɗaya, tunda tana nuna lambobin tashoshin a allo. Kuɗin da ka rage sai ka sa a wayar DMX ta asali. Wayar makirfo tana kama da ita har bakin, sai dai idan layin ya yi tsawo takan rikita saƙon. A fitila ta ƙarshe kuma a toshe bakin da ɗan marufi mai ƙarfin om 120, wanda duk mai gyaran rediyo zai iya haɗa maka.