Kazar Kasuwa da Annobar Hunturu

Duk ranar Talata, kaji kan shigo kasuwar Talata Mafara cikin kwanduna da akurki daga Bakura da Maradun da ƙauyuka irin su Ruwan Gizo. Ɗalibin da ya tara 'yan kuɗinsa, ko malamin makarantar da yake da ɗan fili a bayan ɗaki, a nan zai nemi kajin da zai soma kiwo da su. Abinci ba zai yi masa wuya ƙwarai ba, domin ƙasar gero da dawa ce, ga kuma shinkafar da ake nomawa da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Dusa na nan, gara na nan. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma, kaza kuma kwana 21 take yi a kan ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. A lissafin baki, kaji biyar sai su cika gida cikin shekara guda.

Abin da yake rushe wannan lissafi shi ne wata cuta da masana ke kira Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda ta ɓulla a 1926. A Nijeriya an fara tabbatar da ita a yankin Ibadan tsakanin 1952 da 1953. A Arewa ta fi tsananta da hunturu, lokacin sanyi da ƙura. Kazar da ta kamu takan takure, ta saki fukafukai, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, ta yi zawo kore. Wadda ta daɗe ba ta mutu ba, sai wuyanta ya murɗe, ta riƙa juyi wuri ɗaya. Idan nau'i mai zafi ya shiga gidan da ba a yi wa kajinsa riga-kafi ba, yana iya share su kusan duka cikin 'yan kwanaki.

Ta ina take shiga gidan da ke tsakiyar gari, mai katanga da ƙofa? Sau da yawa mai gidan ne da kansa yake sayo ta. Idan kaji suka fara mutuwa a wani ƙauye, mai su ba ya jira. Sai ya kwashi sauran zuwa kasuwa tun suna tsaye da ƙafafunsu, ya karya farashi. Ƙwayar cutar kuwa takan yi kamar kwana biyar zuwa shida a jikin kaza, wani lokaci har mako biyu, kafin alama ta fito. Saboda haka kazar da aka ɗaga, aka duba idonta da ƙirjinta aka ga lafiya lau, tana iya zama ita ce ajalin sauran. Arahar kaza da hunturu abin tuhuma ce. Dabarar ita ce a ware baƙuwar kaza a akurkinta ita kaɗai har mako biyu, da mazubin ruwanta daban, kafin a gama ta da 'yan gida.

Mutane da dama kan jiƙa ɓawon maɗaci ko barkono, ko su ɓare kafso ɗin nan ja da rawaya su zuba a ruwan sha. Kafso maganin bakteriya ne, ita kuwa wannan cuta bairas ce ke kawo ta, kuma maganin bakteriya ba ya taɓa bairas. Kuɗin dai ya tafi. Riga-kafi ne kawai yake tsare kaza, shi ma sai an ba ta shi tana da lafiya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana sarrafa irin wanda ake kira I-2, wanda aka samo asalinsa a Jami'ar Queensland ta Ostireliya. Falalarsa ita ce ya fi sauran jure zafi, abin da ya dace da garin da wutar lantarki ba ta zama. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Da yake kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, maƙwabta ko 'yan aji ɗaya suna iya haɗa kuɗi su nemi malamin dabbobi rana guda, mako biyu ko uku kafin iskar hunturu ta taso.

Saura 'yan tsaki. Shirwa da muzuru da sanyin asuba suna cin rabonsu, don haka kife su da uwarsu a ƙarƙashin babban kwando a makonnin farko ya fi sakin su a tsakar gida. Kazar da ta mutu kuma a binne ta da zurfi ko a ƙone ta, domin idan aka jefa ta a juji, kajin maƙwabta ne za su fara tona wurin.