Dutse Mai Ruwa, Amma Mai Rowa

Duk wanda ya taɓa sa a haƙa masa rijiyar burtsatse a ƙasar Jere, cikin Ƙaramar Hukumar Kagarko, ya san aikin na sa'a ne. Wani ya sami ruwa, maƙwabcinsa kuwa ya ƙarar da kuɗinsa a busasshen rami, alhali damina ɗaya ce ke sauka a kansu. Dalili shi ne, ƙarƙashin Jere tsohon dutse ne mai tauri, wanda ruwa ba ya samun wurin kwanciya sai cikin tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. In bakin injin ya kuskure tsaga, shi ke nan.

To, akwai wani dutsen da halinsa ya fi wannan ban mamaki, watau dutsen laka mai falle-falle da masana ke kira shel, irin na Dange a Jihar Sakkwato da Fika a Jihar Yobe. Shi kam ƙofofinsa ba su ƙidayuwa, kuma cike suke da ruwa, amma ba ya bayarwa. Da nanomita ake auna faɗinsu, watau kashi 1 cikin biliyan na mita. Silin gashin kai guda yakan kai nanomita 80,000, wata ƙofar kuwa ba ta kai 10 ba.

A cikin irin wannan matsatsi, ruwa ba ya bin lissafin da Henry Darcy na Faransa ya fitar a 1856, domin shi da yashi ya yi gwajinsa. Ruwan da ya taɓa bango sai ya manne wa yumɓu ya ƙi motsi, ya ƙara takure 'yar hanyar da ta rage. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu fasa dutsen don haƙo iskar gas a Amurka sukan ɗura ruwa mai ɗimbin yawa, galibinsa bai dawo ba.

Rowar nan fa tana da rana. A ƙasar Sakkwato, shel ne ke zama murfi bisa yashin da ke ɗauke da ruwa, ya danne shi, har in an huda sai ruwan ya taso da kansa. Jere ba ta da wannan gata. Babban ruwanta a sarari yake, watau Madatsar Gurara mai cin mita miliyan 880 na ruwa a ma'aunin kubik, wadda daga cikinta ake tura ruwa ta bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa Madatsar Usuma, domin mutanen Abuja.